Daga Uhudu zuwa Alwasa: Shirin Ziyarar Shahidai a Lokacin da Yanayi Ba Shi da Tabbas

Tun da hukumar kula da yanayi ta Saudiyya ta sanar cewa aikin Hajjin 2025 shi ne na ƙarshe da zai faɗo a tsakiyar watannin tsananin zafi har nan da shekaru masu yawa, kuma daga 2026 zai riƙa ja baya zuwa Mayu da Afrilu da Maris, maniyyata da dama a Gwandu da Kalgo suka ɗauka cewa wahala ta ƙare. Ana jin haka a majalisu da bakin masallatai: ai yanzu an huta da rana. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana iya cin rai.

Dalilin ja bayan sananne ne, shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne, a watan Mayu zafin Makka yakan haura digiri 40, kuma bai yi nisa da na watan Yuni ba, watan da alhazai sama da 1,300 suka rasu a 2024. Ƙari a kan haka, watannin da ake shiga su ne na rikicewar yanayi a Hijaz. Gari ya waye da sanyi-sanyi, hantsi ya yi zafi kamar tanda, da la'asar iska ta taso da ƙura, wani lokaci ruwa ya sauko kwatsam. A ƙarshen Afrilun 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya haddasa ambaliya a yankin Madina. Mafi yawan alhazanmu kuwa Madina ake fara kai su, makonni kafin Arfa, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake ɗibarsu a mota zuwa maƙabartar shahidan Uhudu.

Fili ne buɗaɗɗe a gindin dutse, kimanin kilomita 5 arewa da Masallacin Annabi (SAW), inuwa kaɗan ce. A nan Sayyidina Hamza da Mus'ab ɗan Umair da sauran sahabbai kusan 70 suke kwance tun shekara ta 3 bayan Hijira. Kwarin Ƙanat ya ratsa ta wurin, kuma ruwansa yana da tarihi: Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ambaliya ta tone kabarin Amru ɗan Jamuh da Abdullahi ɗan Amru shekara 46 bayan yaƙin, har sai da aka sauya musu makwanci. Wanda ya ga hadari ya haɗu a nan bai kamata ya tsaya ɗaukar hoto a kan tudun maharba ba.

Shirin ba shi da tsada. A nemi zuwa bayan asuba. A riƙe lema, wadda za ta yi aiki ko rana ko ruwa, da gorar ruwa, da ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan sha, da takunkumi saboda ƙura, da takalmin da ba ya santsi, da 'yar rigar sanyi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganinsa a aljihu, kada ya bar shi a masauki. Allurar sanƙarau kuma a yi ta da gaske, a daina neman katin kawai. Mutanen Gwandu ba sa bukatar a tuna musu dalili: a Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta tabbatar da mutuwar mutum 26 daga wannan cuta, akasarinsu a Gwandu da Jega da Aliero. Masu yi wa maniyyata bita su ware wa waɗannan abubuwa lokaci na musamman, ba minti biyar a ƙarshen zama ba, sa'ad da kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

Amma akwai abin da ya fi ci mini rai. Dattijon da zai tashi daga filin jirgin Ambursa ya je ya yi kuka a Uhudu, kuma ya dace ya yi, mai yiwuwa bai taɓa jin abin da ya faru a Alwasa ba, alhali tana nan a ƙasar Argungu, tafiyar da ba ta kai ta yini ba.

A 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Birnin Kebbi ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Malam Abdullahi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, Shehu ya koma Gwandu da zama. Kafin shekarar ta fita Gobirawa da Buzaye da Kabawa suka haɗa runduna guda. A kan hanyar fita tarbarsu, wani sashe na mayaƙan jama'a ya afka wa wani gari da ke da amana da su don ganima, shugabanni suna hani ba a saurare su ba. Da aka gamu a Alwasa sai aka karya jama'a mummunar karyawa, mutane masu yawa suka yi shahada, sauran suka ja da baya zuwa Gwandu, garin da a lokacin ko ganuwa ba shi da ita. Abokan gaba suka biyo su har gida. A bakin garin aka tsaya aka yi ta gwabzawa kwanaki, kafin Allah ya ba jama'a nasara. Da Gwandu ta faɗi a wannan mako, da ba a yi Sakkwato ba.

Duk mai karatun sira zai ga kamar da ke tsakanin ranakun biyu: saɓa wa umarnin shugaba saboda ganima, sannan shan kashi. Malam Abdullahi ya ga wannan ciwo da idonsa, kuma ya zuba damuwarsa a Tazyinul Waraƙat. Ganin yadda son duniya ya shiga zukata ne ya sa bayan wani ɗan lokaci ya bar jama'a ya nufi gabas da niyyar isa ƙasa mai tsarki. Kano ya tsaya, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya komo. Bai kai Madina ba. Ya rasu a 1829, hubbarensa yana Gwandu.

Turawa ba su yi sakaci da nasu ba. Sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a yaƙin Bama, cikinsu da 'yan Arewa, sunayensu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, kuma akwai hukumar da ke kula da ita har yau. Mu kuwa ɗalibai nawa ne a makarantun Gwandu za su iya nuna inda aka tsaya aka kare garinsu?

Ba gina ƙubba nake kira a yi ba, Shehu da kansa ya yaƙi bidi'o'in kabari a Ihya'us Sunna. Abin da ake bukata shi ne a san wuraren, a rubuta su, a killace su daga noma da gine-gine da zaizayar ƙasa. Yanayin da muke gargaɗin alhazai a kansa shi ne namu a gida: zafin bazara ya busar da ƙasa, guguwar farkon damina ta zo, ruwan farko ya kwashe abin da ya samu. Kowace shekara kuma ana rasa tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a Kalgo take, garin da wasu sarakunan Gwandu suka riƙe da sarautar Sarkin Gobir kafin su hau gadon Abdullahi. Malamanta da ɗalibanta, tare da Majalisar Masarautar Gwandu da ta Argungu, domin jikokin ɓangarorin biyu duk 'yan jiha ɗaya ne yau, suna iya fita da na'urar ɗaukar murya da taswira su zagaya Alwasa da Gwandu. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta sa wannan tarihi a darasin 'yan sakandare, a kuma tsara musu ziyara a watan Disamba ko Janairu, lokacin da rana ba za ta kayar da yaro ba. Aikin tattara bayanan kuwa a fara shi da rani, kafin ruwan Yuni ya sauka.