Sayen Tsohon Gida a Funtuwa da Malumfashi: Abin da Ake Dubawa Kafin a Biya

A yankin noma na kudancin Jihar Katsina, cinikin gidaje yana bin sawun amfanin gona ne, domin sai an kwashe masara da waken suya, an tsince auduga, kuɗi sun zauna a hannun manoma da 'yan kasuwar hatsi na Funtuwa da Bakori da Dandume da Malumfashi, sannan dillalai suke samun mai sauraronsu. Magidancin da ya tara abin da ya tara yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu, ko dai ya sayi fili a bayan gari ya yi gini sannu a hankali, ko kuma ya sayi tsohon gida a cikin unguwa ya tare. Zaɓi na biyu ya ƙara farin jini tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tashin farashin siminti, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ga kuma rashin tsaron da ya koro iyalai da dama daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara zuwa cikin gari, abin da ya sa zama a gefen gari bai da kwanciyar hankali irin ta da.

Tsofaffin gidajen waɗannan garuruwa ba iri ɗaya ba ne. Funtuwa ta bunƙasa ne da zuwan layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 da kuma injin gurzar auduga, ita kuwa Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, tana da tsofaffin unguwanni na gidajen gado. Saboda haka mai saye zai tarar da soro na tubali mai rufin azara, wato itacen giginya da ake tsagawa a jera a ɗora ƙasa a kai, zai tarar da ginin ƙasa da aka yi wa rufin kwano aka shafe bangonsa da siminti, zai kuma tarar da ginin bulo na shekarun 1970 da 1980. Abin da ya haɗa su shi ne wuri da fili: kusanci da masallaci da kasuwa da makaranta, zaure, tsakar gida mai faɗi da za ta ɗauki shanyar hatsi da turken awaki, da maƙwabtan da an riga an san halinsu. Waɗannan ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi, kuma sabon fili ba ya bayar da su sai bayan shekaru.

Matsalar ita ce lokacin da kuɗi ke hannu shi ne lokacin da gida ya fi ɓoye aibinsa. Kudancin Katsina yana samun ruwan sama fiye da arewacin jihar nesa ba kusa ba, kuma a watan Agusta ne ake gane gidan da ke yoyo, da tsakar gidan da ruwa ke kwanciya a cikinta, da lungun da kwatarsa ke cika ta koma cikin ɗakuna. Da rani kuwa fenti sabo ya isa ya rufe duka. Wanda ya iya haƙuri ya ga gidan da damina ya yi wa kansa gata, wanda bai iya ba kuwa sai ya nemi shaidar da ruwa ya bari, ya tafi da maginin da shi ya zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba. A ginin ƙasa ana fara duba gindin bango, inda danshi ke cinye tubali, sannan indararo, wato bututun da ke zubar da ruwa daga saman soro, domin idan ya toshe ruwan yakan nutsa cikin rufin ne. Ginin ƙasa mai shafen siminti ya fi kowanne yaudara, saboda siminti ba ya kama ƙasa da kyau, ruwa yakan shiga ta tsaga ya laɓe a bayansa, kuma idan aka ƙwanƙwasa bangon aka ji yana amo kamar fanko, to shafen ya riga ya rabu da jikin ginin. A ginin bulo kuwa tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, musamman mai faɗi, alama ce ta harsashin da ya zauna, abin da aka fi gani a gidajen da aka gina kusa da fadama, inda laka ke kumbura da damina ta tsuke da rani. Katakon rufi kuma sai an hau an soka shi, domin gara tana cin ciki ta bar baya lafiya lau.

Ya kamata a auna tazarar da ke tsakanin masai da rijiya, a tambayi inda tsofaffin ramukan masai da aka cike suke, a kuma tabbatar babu bashin wuta na kamfanin KEDCO a kan mitar gidan, tun da sabon mai gida ne zai tarar da shi.

Duk da haka, bango abu ne da kuɗi ke gyarawa, kuma mafi yawan masu kuka da sayen tsohon gida ba bango ne ya sa su kuka ba, magada ne. Yawancin tsofaffin gidaje suna fitowa kasuwa ne bayan rasuwar mai su, kuma sau da yawa babban ɗa ne ke tsayawa a kan cinikin, alhali gidan haƙƙin kowane magaji ne, har da 'ya'ya mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa, da matar mamaci mai tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas da take samu idan mijin ya bar 'ya'ya, da marayun da ba su balaga ba. Sayar da rabon wani ba da yardarsa ba ciniki ne da kotu za ta iya warwarewa ko da mai saye ya riga ya zuba kuɗi ya gyara gidan. Akwai kuma hukuncin shufa'a, wanda masu saye da yawa ba su taɓa jin sunansa ba sai a gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihar ke bi, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar wa baƙo rabonsa, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe rabon. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya nuna cewa wannan haƙƙi yana faɗuwa ga wanda yake nan bayan shekara guda, amma wanda ba ya gari yana riƙe da nasa ko da tafiyarsa ta yi tsawo. A yankin da samari ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a ga takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji baligi ya sa hannu a gaban shaidu, kuma a bar wa alƙali maganar rabon marayu.

Takardun gwamnati su ma suna da nasu matsayi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mutum yake saya haƙƙin zama ne, kuma idan gidan yana da satifiket ɗin mallaka, canja shi zuwa sabon suna yana buƙatar amincewar gwamna ta hannun ma'aikatar filaye. Gidaje da yawa na cikin gari ba su da irin wannan takarda, sai ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci ko hakimi, wadda ke da amfani ƙwarai wajen tabbatar da tarihin gida da iyakokinsa, amma ba ta hana a bincika ko an jinginar da gidan ga banki ko ga wani ɗan kasuwa a kan bashin taki.

Idan aka zo lissafi, abin da ya fi dacewa shi ne a raba farashin gida biyu, a ƙiyasta kuɗin filin shi kaɗai bisa abin da aka sayar da makamancinsa a unguwar, sannan a ga nawa ake nema a kan ginin, a kwatanta da ƙiyasin gyaran da magini ya bayar, a haɗa da la'adar dillali da kuɗin takardu. Inda gyara ya kusa kai kuɗin sabon gini, to a yi ciniki a kan fili kawai, har a rage kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai. Shi kuma manomi ya cire kuɗin takin baɗi da na ƙwadago ya ajiye gefe kafin ya fara taya gidan.