Ko Kun Sani? Kuskus a Tsibirin Sisili

Italiya da taliya aka san ta, amma a yammacin Sisili, tsibiri mafi girma a Bahar Rum, kuskus abincin gado ne. A birnin Tarafani da hannu ake murza tsakin alkama a faffaɗan kasko, a turara shi kamar dambu, a jiƙa da romon kifi. Larabawan da suka ƙetaro daga Tunisiya a 827 ne suka bunƙasa noman lemon tsami da rake a tsibirin. A gabashi kuwa, baƙi kan jiƙa maƙoshi da granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai ruwan lemo, suna hangen Etna, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 3,300.