Tafkin da ya daskare ba filin wasa ba ne: saƙo ga ƴaƴanmu da ke ƙasashen sanyi

Mu nan ƙasar, ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake ƙullawa cikin leda a sa a firigo, mata su sayar lokacin zafi ko watan azumi. Amma a Kanada, Rasha, arewacin Sin da wasu ƙasashen Turai, idan hunturu ya kankama, tafki sukutum ne ke daskarewa, har mutane su hau su yi tafiya a kai, wasu su huda su kama kifi. Da yawa daga cikinmu na da ɗa, ƙane ko jika da ke karatu ko neman na kai a can, ga kuma ƴan kasuwarmu masu zuwa saro kaya. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna wannan magana.

Ranar 11 ga watan Disamba na shekarar 2022, a garin Solihull kusa da Birmingham a ƙasar Ingila, ƙanƙarar wani tafki ta fashe da wasu yara maza huɗu, masu shekara 6, 8, 10 da 11. Wasu daga cikinsu sun faɗa ne wajen ƙoƙarin ceton wanda ya riga su faɗawa. Dukansu huɗu sun rasu. To, idan haka ta samu yaran da suka tashi cikin sanyin, ina ga baƙon da ya fito daga Maraɗi ko Damagaram?

Abu na farko shi ne kaurin ƙanƙarar. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Kanada na ba da shawarar kada mutum ɗaya ya taka ta sai ta kai santimita 15, wato kusan tsawon bik ɗin da ake rubuta bashi da shi. Idan jama'a ne da yawa, sai ta kai santimita 20. Launi ma na da nasa bayani: mai garai-garai shuɗiya ta fi ƙwari, fara ba ta kai ta ba, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, ba a kusantar ta. Kuma tafki ɗaya na iya yin kauri nan, ya yi siriri can, musamman kusa da gada ko inda ruwa ke gudu a ƙarƙashi. Ido ba ya auna wannan. Matambayi ba ya ɓata: inda hukumar gari ba ta ce a hau ba, kada a hau.

In kuwa tsautsayi ya gitta fa? Wani malamin jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin cikin lambobi uku: 1, 10, 1.

Minti 1 na farko shi ne mafi haɗari. Da jiki ya ji sanyin, mutum zai ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ya shiga haki. Idan kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwan zai shaƙa. Ta nan ne gwanayen iyo ma ke nutsewa. Aikinsa a wannan minti guda ne kawai: ya riƙe bakin ƙanƙara, kai na sama, har numfashi ya daidaita.

Sai minti 10 da hannu da ƙafa ke iya aiki. Ƴan uwanmu mata masu sayar da ƙanƙara sun san yadda yatsu ke sandarewa idan an daɗe ana tsamo ta cikin kula. Haka jiki duka ke yi. Kada ya ɓata lokaci wajen tuɓe tufafi. Ya juya ta ɓangaren da ya fito, tunda ƙanƙarar can ta ɗauke shi ɗazu. Ya shimfiɗa hannuwa a kai, ya riƙa buga ƙafafu kamar mai iyo har jikinsa ya kwanta a saman ruwa, sannan ya ja ciki ya fito. Kada ya miƙe tsaye. Ya mirgina har ya yi nisa da ramin.

Lamba ta ƙarshe awa 1 ce. Kusan haka ake ɗauka kafin sanyi ya sumar da mutum, muddin kansa na saman ruwa. Don haka wanda ya kasa fitowa kada ya fid da rai: ya bar hannuwansa kan ƙanƙara, ya yi ta kiran taimako.

Ga wanda ke bakin tafki kuwa, darasin yaran Solihull ya ishe mu. Kada ya bi shi da gudu. Ya buga waya tukuna: 112 a Turai, 911 a Kanada da Amurka. Sannan daga bakin gaɓa ya jefa igiya, ko ya miƙa reshe, tsani, ko rawani ma.

Bayan an fito da shi, nan ne al'adarmu ke iya cutarwa. Mu mun saba da murza jikin mai jin sanyi ko yi masa wanka da ruwan zafi. A nan ba a yin haka, domin jinin hannu da ƙafa da ya yi sanyi na iya komawa zuciya farat ɗaya ya rikita bugunta. A kwantar da shi a hankali, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da bargo har kai. In yana cikin hankalinsa, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Ban da giya. Asibiti kuma dole ne.

Kuma kada a yi saurin cewa rai ya yi halinsa. A shekarar 1999 a ƙasar Norwe, wata likita mai suna Anna Bågenholm ta yi minti 80 cikin ruwa ƙarƙashin ƙanƙara. Zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13,7 alhali na mai lafiya 37 ne, zuciyarta ta tsaya. Likitocin garin Tromsø suka ɗumama jininta da na'ura, ta farfaɗo, har ta koma bakin aikinta.

Saboda haka iyayenmu mata da alhazanmu, ranar da yaro ya kira ta WhatsApp yana nuna muku farin tafki yana dariya, bayan kun tambaye shi karatu da abinci, ku karanta masa lambobin nan uku, ku ce ya tsaya a bakin gaɓa ya ɗauki hotonsa daga can. Allah ya kiyaye mana su, ya maido su gida lafiya.