Shirin Zagaya Duwatsun Abzin Bisa Babur

Kusan duk wanda ya zauna lakwal a Nijar ya haddace cewa dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan shi ne Idukal-n-Tagas, cikin duwatsun Bagazam, mai mita 2,022. Amma kaɗan ne daga cikin mutanen kudu suka taɓa sa ƙafa can. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya ci albasar Tabelot, ya sha lemun Timiya, kakansa ma ya yi ta yabon dokin Bagazam, duk da haka ƙasar da ke fid da waɗannan abubuwa tana yi masa nisa kamar bayan teku. Yanzu da babura suka yawaita, samari da ƙananan ma'aikata sukan ce in an ba su hutu za su hau su je su gano wa idonsu. Niyya ce mai kyau, gani ya kori ji. Sai dai su sani Abzin ba a auna ta da kilomita kaɗai. Da rijiyoyi ake auna ta, da lokacin shekara, da mutumin da ya san hanya.

Kafin a yi zancen mai ko taya, sai a fara da hukuma. Duwatsun nan sun ga tawaye sau biyu: na farko ya ƙare da yarjejeniyar ranar 24 ga Afrilu 1995, na biyu kuwa ya tashi daga Iferwan cikin Fabrairu 2007 ya kai har 2009, a lokacinsa kuma an binne nakiyoyi kan wasu hanyoyi. Daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, zirga-zirga ta ƙaru a arewa, ƴan fashi ma suka biyo ta. A 2025 an sace baƙi Turawa a cikin garin Agadas kansa. Ban da wannan, babur ya zama abin hawan da ake tuhuma a wasu sassan ƙasa, har aka hana yawo da shi a jihar Diffa a 2015, da wasu yankunan Tilaberi a 2020. Saboda haka mai niyya ya je wurin jandarma da ofishin gwamnan Agadas ya tambaya ko hanya a buɗe take, ya rubuta sunansa da inda za shi da ranar komowarsa, permi da takardun babur suna aljihu. In an ce sai da rakiya, to, sai da rakiya. In an ce a dakata, a dakata, duwatsu ba za su gudu ba.

In hukuma ta yarda, sai zaɓen lokaci, nan ne kuwa baƙo ya fi ruɗuwa. Yana jin an ce hamada, sai ya ɗauka ruwa ba abin tsoro ba ne. Alhali hanyoyin Abzin galibinsu cikin kori suke bi, watau ƙoramar da ke bushe wata tara ko goma, yashi fari tas, itatuwan gawo da goriba suna gefenta. Daga Yuli zuwa Satumba hadari yakan zuba bisa dutse can nesa, inda matafiyi bai ko ji tsawa ba. Dutse ba ya shan ruwa, sai duk ya gangaro lokaci guda, ya cika korin cikin ɗan lokaci, yana tafe da itace da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba, sa'ad da korin Telwa ya ɓalle ya rushe dubban gidaje. Ruwan da ya yi wa birni haka, ina ga mutum ɗaya da babur? Shi ya sa Abzinawa ba sa kwana a tsakiyar kori ko da sama ta yi garau, komai laushin yashinsa. Bazara kuma, Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40, inji ya yi ta tafasa, mahayi ya bushe bai sani ba don iska tana shanye zufarsa. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Nan ma a tafi da bargo da rigar sanyi mai kauri, gama a kan tudu dare yakan yi sanyin da ruwa ke daskarewa, ƙurar hunturu kuma takan rufe hanya yini guda.

Daga Yamai zuwa Agadas wajen kilomita 950 ne ta Dosso da Konni da Tawa. Mutanen Damagaram su bi ta Tanut, wajen 450. A ganina wanda zai iya ya ɗora baburinsa bisa mota zuwa Agadas, ya tanadi ƙarfinsa da na injinsa don dutse. A Agadas ɗin ya yi kwana biyu, ya dubi hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai mita 27, ya nemi jagora.

Zagayen da aka saba yi yana fita daga Agadas ta Dabaga da Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ya kai Timiya, wajen kilomita 220. Daga nan ya wuce kangon Asode zuwa Iferwan, ya juya yamma ta Gugaram zuwa Arlit, sa'an nan ya gangaro kudu kilomita 240 bisa hanyar yuraniyom ya komo Agadas. Duka ya haura kilomita 700. A takarda aikin kwana biyu ne, a ƙasa kuwa a ba shi mako guda, ko fiye. Kilomita 220 na Timiya kaɗai suna cin yini cur ga mota mai ƙarfi, domin hanya tana fita daga yashi ta hau tsakuwa, ta bar tsakuwa ta shiga baƙaƙen duwatsu masu kaifi, ta sake faɗawa yashi. Mai babur ya raba su biyu, ya kwana a hanya.

Game da baburin kansa, kada a ruɗu da abin da aka gani zamanin tseren Paris-Dakar, wanda ya fara ratsa Agadas cikin Janairu 1979. Mahayan nan jiragen sama ne ke bin su, da manyan motocin kaya da likitoci. Wanda ba shi da waɗannan, ƙaramin babur irin na ƴan kabu-kabu ya fi masa. Mutum ɗaya yana iya tada shi in ya faɗi cikin yashi, kowane makanike na Agadas ko Arlit ya san cikinsa, kayansa kuma suna kasuwa. Babban babur na waje in ƙaramin abu ya karye masa a Elmeki, sai a nemi raƙumi. A tafi da robar cikin taya biyu, da faci da famfon iska, da buji, da wayar birki da ta kuloci, da ɗan guntun sarƙa. A yashi a rage iskar taya, amma da an hau dutse a mayar, in ba haka ba kaifin dutse ya tsaga ta. Matatar iska kuwa a kakkaɓe ta kowane maraice.

Lissafin mai shi ne wanda bai kamata a yi shi da zato ba. Kowa ya auna abin da baburinsa ke sha a kilomita 100 bisa kwalta, sa'an nan ya riɓa shi biyu saboda yashi da hawa. Esansin kwalba da ake samu a ƙauyuka yau akwai, gobe babu, don haka ba a dogara gare shi. Ruwan sha kuma lita biyar ga mutum kowace rana shi ne mafi ƙaranci, a raba shi cikin jarka biyu don kada huda ɗaya ta zubar da duka. Nauyin nan ne zai nuna wa mutum cewa tafiyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Babura uku sun fi biyu: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman gudunmawa, tun da wayar salula ba ta kamawa a yawancin kwaruruwan. Jagora Ba'abzine shi ne ya san rijiyar da ta ƙafe bana, da sawun da ba a bi, shi ne kuma zai yi magana da mutane da Tamashek, ko da yake Hausa tana ci a Agadas da garuruwan lambu. Kuɗinsa a yanke su tun a gari, a gaban shaidu.

To, me ake samu bayan duk wannan wahala? Bayan yini biyu na baƙin dutse, sai ido ya faɗa kan lambunan Timiya, kore shar, da lemu da rumman da dabino, raƙumi ko sa yana jan guga daga rijiya yana kai da komowa. Kusa da garin akwai magangarar ruwa da ke zuba cikin tafki tsakanin duwatsu, bisa tudu kuma ga ganuwar Masu da Faransawa suka gina. Gaba kaɗan sai Asode, wadda a da ita ce babban birnin Abzin kuma zangon ayari, yau ba kowa sai bangayen dutse da kangon masallaci. Wajen Iferwan an shiga gandun Abzin da Tenere, wanda aka keɓe a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari a 1992. A nan doka ta hana farauta, korar barewa da babur kuwa kisa ne, don takan yi gudu har zuciyarta ta buga.

A hanyar komowa daga Arlit a yi hattara da kwaltar, manyan motoci sun cinye ta a wurare da dama, kada kuma a yi tafiyar dare. Tsakanin Arlit da Agadas, a ɗan ratse daga hanya, akwai Dabus, inda mutanen da suka sassaƙa raƙuman dawa biyu jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita biyar. Akwai masu gadin wurin, su za su nuna inda ake tsayawa, ba a taka zanen, ba a shafa shi. Da an shigo Agadas, kafin a nemi wanka ko tuwo, a koma wurin jandarma a ce an dawo, don su soke suna daga littafi.