Araminta Ba Aminatu Ba Ce

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu tunda waya ta shiga hannun kowa: da zarar sunan Bature ya yi kama da namu a kunne, sai mu yanke hukunci cewa daga wurinmu aka sato shi. Marigayi Gaddafi ya taɓa cewa Shakespeare Balarabe ne mai suna Shaihu Zubairu. Yanzu kuma an koma kan Harriet Tubman, baƙar fatar nan ta Amurka da ta riƙa kuɓutar da bayi. Wai sunanta na yanka, Araminta, ai Aminatu ne bakin Turawa ya karya, saboda haka Musulma ce, wasu ma har da cewa jininmu ce.

Araminta sunan mata ne na Ingilishi, kuma ko a Ingila ba kasafai ake saka shi ba. Ya fito fili a wasan kwaikwayon William Congreve mai suna The Old Bachelor a 1693, sannan John Vanbrugh ya sake amfani da shi a The Confederacy a 1705. Masana sunaye sun fi karkata ga cewa an ƙera shi ne daga Arabella da Aminta. Shi Aminta sunan wani makiyayi ne, namiji, a wasan Torquato Tasso na Italiya na 1573, tushensa kuwa Amyntas na Girkawa, wato mai karewa, sunan kakan Iskandar Mai Girma.

To a ina Aminatu ta shigo? Aminatu daga Amina take, Larabci tsantsa, sunan mahaifiyar Annabi (SAW), dangin aminci da amana. An haifi Tubman wajen 1822 a gundumar Dorchester ta jihar Maryland, fiye da shekara 120 bayan Turawan Landan sun saba jin Araminta a dandalin wasa. Sunan ya tsallaka teku ne a bakin Turawa, ya shiga gidajen iyayen giji, daga nan ya faɗa kan 'ya'yan bayi. Iyayen Tubman Ben Ross da Harriet Green ne, a gida kuma Minty ake kiranta. Kakarta ta wajen uwa, Modesty, ita aka kawo daga Afirka, kuma Ashanti na ƙasar Gana ta yau ake danganta Tubman da su tun tana yarinya. Ita kanta Kirista ce mai riƙo da addininta ƙwarai. Bayan ta auri John Tubman wajen 1844 ta ajiye Araminta ta ɗauki sunan mahaifiyarta, ta gudu zuwa Filadelfiya a 1849, ta yi ta komawa har ta fitar da mutum kusan 70. Wannan jarunta ba ta bukatar mu liƙa mata ƙarya.

Abin haushin shi ne akwai 'ya'yan Musulmi na gaske a tarihin nan da ba mu damu da su ba. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu, ya yi bauta a Maryland ɗin nan a 1731. Umar ibn Sa'id ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana hannun ubangidansa. Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno, ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka. Ga kura a gabanmu muna ta neman sawunta.

Shafukan intanet masu jera ma'anar sunayen jarirai su ma suna da nasu laifin, don kwafar juna suke yi.

Saboda haka mai jego da angon ƙarni, idan wani baƙon suna ya burge ku, kuna da kwana bakwai cur kafin raɗin suna. Kada ku tsaya ga “yana nufin kaza”. Ku tambaya: da wane harshe? Wa ya fara amfani da shi, a wace shekara? Na mace ne ko na namiji? Idan shafi ya ce suna ɗaya Ibrananci ne, Girkanci ne, kuma Larabci ne, ku rufe shi. In na Larabci ne ku kai wa malami, in na Littafi Mai Tsarki ne ku kai wa fasto, in na Turanci ne ku nemi ƙamus na sunaye irin wanda jami'ar Oxford ta wallafa. Ku rubuta shi daidai a takardar haihuwa, don gyaran harafi ɗaya a takardun makaranta sai an kai ga rantsuwa a kotu. Sannan ku sa kakar yarinyar ta furta shi da bakinta ku saurara, domin yadda ta faɗa haka unguwa za ta kira. Araminta dai kafin a yaye ta ta zama Minti, ta yi ta fama da tsokanar yara a makarantar allo.