YINI GUDA A WATA MAKARANTAR FIRAMARE A KONTAGORA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Ikko ko Badun ya nufi Sakkwato ya san Kontagora, domin in ka haye Kwara a Jebba, ka wuce Mokwa, nan ne babban zangon da za ka yada kafin Yawuri. Garin Umaru Nagwamatse ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma sarkin garin shi ake kira Sarkin Sudan. To, amma wannan karo ba zancen sarauta ko na kasuwa ya kai ni ba. Na je ne in yini tare da 'yan makaranta a wata firamare ta gwamnati da ke cikin gari, tun daga kaɗa ƙararrawar safe har tashi, don in ga da idona abin da yaro ke samu cikin sa'o'in nan da iyayensa ke cewa ya tafi boko.

Na isa bakwai da 'yan mintoci, na tarar manyan yara na aji biyar da na shida suna shara, 'yan mata da tsintsiya, maza kuwa na tsince leda da takardu a fili. Da yawa daga cikinsu wannan ce makaranta ta biyu da suka shiga a ranar, gama tun da asuba sun je makarantar allo sun biya karatu, sa'an nan suka komo gida suka sha kunu ko koko, suka sa kayan makaranta. Da aka kaɗa ƙararrawa sai kowane aji ya ja layi, monita a gaba, aka yi addu'a, aka duba farce da haƙora da tsabtar riga, aka rera taken ƙasa. Taken nan kuwa shi ne wanda kakanninsu suka rera daga 1960 zuwa 1978, wanda Gwamnatin Tarayya ta maido da shi a 2024, saboda haka har yanzu za ka ji wasu malamai da suka tashi da ɗayan suna laluben kalmomi tare da yaran. Masu latti na durƙushe a bakin ƙofa, Hedimasta na tsaye a kansu da bulala a hannu, ko da yake ban ga ya taɓa kowa da ita ba.

CIKIN AJI

Na fara zama a aji ɗaya. Nan ne za ka san lalle Kontagora matattara ce. Ga 'ya'yan Hausawa da na Fulani, ga na Kambari da Dakarkari da Kamuku, ga kuma 'ya'yan Yarabawa da Ibo masu kantuna a kasuwa, duk a ɗaki guda, kuma Hausa ce ke haɗa su a wasa da faɗa. Malamar ajin ta rubuta baƙaƙe a allo da alli, tana faɗa suna amsawa da ƙarfi har ana ji daga titi. Bencin da aka yi don yara uku ya ɗauki biyar, waɗanda ba su samu ba suna zaune a ƙasa, littafi bisa cinya. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Ban tsaya ƙirga na wannan aji ba, amma kiran suna kaɗai ya ci wajen kashi ɗaya cikin uku na darasin farko.

Batun harshen da za a koyar da shi kuwa, malamai sun sha juyi. Tsarin ilmi na 1977 ya ce a fara wa yaro da harshen gida ko na garin da yake zaune, daga baya a koma Turanci. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a yi shekara shidan nan duka da harshen gida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an soke wancan, Turanci za a yi amfani da shi tun daga tushe. Abin da na gani a aji shi ne abin da aka saba tun ina yaro: malami ya karanta da Turanci daga littafi, ya juyo ya fassara da Hausa, yara su kwafe abin da ke allo. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya kwafe dai.

A aji huɗu na sami malamin lissafi wanda ya burge ni ƙwarai. Ba shi da wasu kayan aiki, sai ya sa kowane yaro ya zo da marafan kwalba da ƙwallon dabino a gwangwani, da su ake yin sau da rabawa. Ya kan kafa musu tambaya da abin da suka sani, wato kwanon masara nawa ne a buhu, in an sayar da mudu kaza a kan kaza riba nawa ke nan. Nan take hannuwa suka tashi, ana ta “Malam, ni! Malam, ni!” Yarinyar da ta fi kowa saurin ba da amsa mai tallar gyaɗa ce, lissafin canji ya zauna mata a ka tun kafin ta san ana rubuta shi.

Amma da aka zo karatu sai labari ya sha bamban. Da izinin malamin na buɗe littafin Hausa a shafin da ba su kai ba, na miƙa wa yara ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan suka karanta sarai. Waɗansu suka yi ta haɗa baƙi da wasali da ƙyar har suka fitar da kalma. Waɗansu kuwa, da suka ga hoton ba wanda suka saba ba ne, sai suka yi shiru suka sunkuyar da kai, ashe shafukan baya ma haddace su suka yi kamar waƙa. Waɗannan yara shekara biyu ta rage musu su gama firamare.

LOKACIN TARA

Da aka fita tara fili ya rikice. Mata masu ƙosai da awara da ɗanwake da fanke sun jeru a gindin bishiyar darbejiya, yara sun kewaye su da kuɗin tara a hannu. Maza na buga tamola da ƙwallon da aka naɗe da tsumma, waɗansu na langa, 'yan mata na 'yar gala-gala da carafke. Akwai kuma waɗanda suka raɓe a inuwar bango suna kallon masu ci. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya jawo yara da yawa makaranta, an kuwa dakatar da shi a farkon 2024. Da aka koma aji bayan tara na lura benci ya yi sauƙi, domin waɗansu sun tafi gida neman abin kari, daga can kuma sai gobe.

Wannan shi ne abin da ya fi damun malaman da na zanta da su, wato yadda kwanakin karatu ke zubewa ta kowace kafa. Ranar kasuwa 'yan mata na bin iyaye da talla. Da damina ta faɗi maza na gona, in kaka ta yi kuma ga cirar gyaɗa da karyar masara da roron wake. Ran Juma'a da wuri ake tashi. In an yi ruwa da iska, ajin da rufinsa ya yaye sai a haɗa shi da na kusa, karatun duka biyun ya tsaya. In albashi ya yi jinkiri malami ya hau babur ya nemi na cefane. Kowanne cikin waɗannan in ka ɗauke shi shi kaɗai ƙarami ne, amma in ka tara su a shekara shida za ka ga inda karatun yaron nan na aji huɗu ya tafi.

TSORO A HANYA

A kan waɗannan duka sai ga matsalar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai a makarantar kimiyya ta Kagara. Ran 30 ga Mayu na wannan shekara aka shiga wata Islamiyya a Tegina, a kan hanyar da ta fita daga Kontagora ta yi gabas, aka tafi da yara fiye da 100, suka yi kusan wata uku a daji. Ran 21 ga Nuwamba, 2025, aka sace fiye da mutum 200, ɗalibai da malamai, a makarantar Katolika ta Papiri cikin ƙaramar hukumar Agwara, har Gwamna Umaru Bago ya ba da umurnin rufe makarantun Jihar Neja baki ɗaya zuwa sabuwar shekara. Babu mai ganin laifin gwamnati don ta tsare rayukan yara, amma makonnin nan da aka yi a gida ba wanda ya biya su.

Har ila yau rashin zaman lafiya a ƙauyuka ya turo iyalai da yawa cikin gari, 'ya'yansu kuma suka shigo makarantun da dama a cike suke. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku makarantar ƙauyensu na kulle, in ya zo, girmansa na aji biyar ne, karatunsa na aji ɗaya. Hedimasta ya ce mini ba ya iya korar irin wannan yaro, ba ya kuma iya zaunar da shi cikin ƙanana, sai dai a sa shi tsakiya a yi ta lallaɓawa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, shekarar da Janar Obasanjo ya buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, ake ta kiran iyaye su kai 'ya'yansu makaranta. Aka sake sabon shiri a 1999 wanda aka ƙaddamar a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro shekara tara yana karatu kyauta. Kontagora ba ta rasa masu koyarwa ba, tun da kwalejin horon malamai ta Tarayya na garin tun 1978, har ma yanzu an ɗaukaka ta ta zama jami'a. Hukumar NECO mai shirya jarrabawar shiga makarantun sakandare na Tarayya ma a Minna hedkwatarta take. Kiran nan kuwa iyaye sun amsa shi, shaida ke nan benci ya cika. Saura a tabbatar yaron da aka rubuta sunansa a rajista ya fita da karatu da rubutu.

Aikin na hukuma ne, ta gyara rufi, ta kawo benci da littattafai, ta biya albashi kan kari, masu duba makarantu kuma su riƙa shiga aji suna sa yaro ya karanta, kada su tsaya a ofishin Hedimasta su sa hannu su wuce. Amma iyaye ma da nasu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar da na je, an ce mini in an kira taro mata ne suka fi zuwa, maza sai ranar karɓar sakamako.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka tashi, yara suka fashe da gudu, mafi yawansu da la'asar kuma suna Islamiyya. Ni dai roƙona ga mai karatu, ko kana Kontagora, ko kana Sabo a Badun, ko Agege, in kana da ɗa ko 'ya a aji huɗu zuwa shida, yau da dare ka miƙa masa wannan shafi ka ce ya karanta maka sakin layi ɗaya. In ya karanta, ka gode wa Allah ka gode wa malaminsa. In ya kasa, kada ka doke shi. Gobe da safe ka kama hannunsa ku tafi makarantar tare, ka nemi ganin malamin ajinsu ku san abin yi tun da sauran lokaci. Allah ya shirya mana zuriya, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.