Masu Binciken Abin da Ke Cikin Hazo

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk mai bin titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga zuwa Shagari ya san yadda gari ke wayewa fari fat. Direba na kunna fitila da hantsi, leɓe na tsagewa, yara na tari. Mutumin garin Mandera da ke yankin zai ce hazo ya sauko, ya ja rawani ya rufe hanci, ya kama harkar gabansa. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi inda ƙurar ta fito ba, balle abin da ke cikinta da abin da take yi a ƙirji. Akwai kuwa mutanen da wannan tambayar ce aikinsu na tsawon rai.

Kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga ƙasar Cadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele a arewa maso gabashin Tafkin Cadi. A zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan garin ƙasa ta yo kudu maso yamma da shi. Wani ya sauka a Kano da Sakkwato, wani ya haye tekun Atalantika har dajin Amazon, inda yake zame wa itatuwa taki.

Cikin 'yan Arewa da suka ba wannan fage rayuwarsu akwai Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero da ke Kano. An haife ta a 1963 a Wangara, cikin Ƙaramar Hukumar Gezawa. Ta yi aure tana da shekara 18, ba ta shiga jami'a ba sai da ta kai 29, ga 'ya'ya ga hidimar gida, kuma da makarantar ƙananan yara da take gudanarwa ta riƙa ɗaukar nauyin karatun. A Bayero ta yi digirinta na fiziks tun daga na farko har na dakta, ta fara koyarwa a can a 1999, ta kuma yi wani digiri na biyu kan muhalli da ci gaba a Jami'ar Reading ta Ingila. A 2010 ta yi wata huɗu tana aiki a Jami'ar Bern ta Suwizalan. Bincikenta ya shafi yadda ƙurar da ke yawo a sama da saran itatuwa ke canza zafin gari da yanayi. A 2015 tana cikin mata biyar na ƙasashe masu tasowa da Gidauniyar Elsevier ta ba lambar yabo ta kimiyya, uku daga cikinsu 'yan Najeriya, kuma a shekarar ce BBC ta sa ta cikin jerin mata 100 na duniya.

Jama'a lambar yabon suke gani. Aikin da ya kawo ta kuwa sai mai haƙurin gaske. Ga misalin yadda masu wannan fanni ke yi. A ɗauki wata 'yar farar takardar tacewa, a auna nauyinta a kan sikelin da ke jin abin da ido ba ya gani, a sa ta cikin na'urar da ke zuƙo iska, a bar ta awa 24. Washegari a ciro ta, ta koma ruwan ƙasa ko ta yi baƙi, a sake aunawa. Bambancin nauyin shi ne abin da huhun mutum zai iya kwasa a wannan wurin. Daga nan sai a kai ta ɗakin gwaji a tsettsefe sinadaran da ta tara, domin kowace ƙura tana ɗauke da shaidar gidansu. In aka ga silika da ƙarfe da alminiyam, to ƙasar sahara ce. In baƙin gawayi ne da fotasiyam, an ƙona itace ko kara. In aka tarar da dalma, to a tashi tsaye. Gobe ma a maimaita, jibi ma haka, shekara da shekaru, ko da wuta ko babu.

Akwai kuma na'urar da ke bin rana da kallo tana auna yawan hasken da ƙura ta tare. Hukumar NASA ta Amurka tana da jerin irinta a faɗin duniya, ciki har da ta Jami'ar Ilori da ta Banizumbu, gabas da Yamai. Da alƙaluman irin waɗannan tashoshi ake tantance gaskiyar abin da tauraron ɗan'adam ya hango daga sama.

Ƙurar da ta fi tayar wa likitoci hankali ba wadda ake sharewa a kan tabarma ba ce. Ita wannan, gashin hanci da majina na tare mafi yawanta. Mai haɗarin ita ce wadda masana ke kira PM2.5, wadda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ita kan wuce har cikin lungun huhu, mafi ƙanƙantarta ma ta shiga jini, ta taimaka wajen haifar da asma da ciwon huhu da ciwon zuciya da shanyewar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska na kashe kimanin mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma a 2021 ta rage ma'aunin da ta amince da shi na wannan ƙura zuwa rabi. Sanƙarau ma lokacin hazo da bushewar iska yake kunno kai, don ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu ƙofa. Mutanen Sakkwato da Zamfara ba su manta annobar 2017 ba.

Sai dai a ganina mun cika ɗora wa hunturu laifi. Hazo baƙo ne na wata uku ko huɗu. Hayaƙin murhu kuwa ɗan gida ne. Ka leƙa madafin da ba shi da taga lokacin tuwon dare: ɗanyen itace ko kara na ci, bango ya yi baƙi ƙirin, uwa na hura wuta idonta na hawaye, ga jariri a goye yana shaƙar abin da take shaƙa. A ƙididdigar hukumar lafiyar, hayaƙin cikin gida kaɗai ya ci rayuka kimanin miliyan 3.2 a 2020. Ƙara da ƙona leda a bola, da babbaka da tayar mota a mahauta, da janareta da ake kwana da shi kusa da ɗaki. Waɗannan duk ba daga Cadi suka zo ba.

Wanda ke ganin binciken ƙura aikin marasa abin yi ne, ya tuna Zamfara a 2010. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum, garin ya bi iska ya sauka a tsakar gida da kwanon abinci. Yara fiye da 400 suka rasu. Da farko an ɗauka wani ciwo ne dabam, sai da aka gwada jini da ƙasa aka gano gubar dalma ce.

Matsalar ita ce na'urorin auna iska ba su da yawa a Afirka, 'yan waɗanda ake da su ma galibi a manyan birane suke. Garuruwa irin su Mandera sai dai a yi musu kirdado daga sama, shi kuwa tauraron ɗan'adam ba ya leƙa madafi. Alhali ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a kusa, da Cibiyar Binciken Makamashi da ke cikinta, wadda ta daɗe tana aiki kan murhu mai tsimin itace. Yau akwai ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi da za a iya maƙalawa a bangon asibitin karkara ko makarantar sakandare, su yi aiki da hasken rana.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su haɗa hannu da jami'ar a fara aunawa, a kuma riƙa sanar da sakamakon a rediyo da Hausa. Iyaye kuwa, in yarinya ta nuna tana son lissafi da kimiyya, a bar ta ta yi. Kafin nan, maigida, a fasa wa madafi taga, a busar da itace kafin a sa a wuta, kuma a fitar da jariri daga cikin hayaƙi.